Ashe ba allurar baya ba ce ta so kashe ni

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, da ma mazan da suke da mata ko uwa ko ƙanwa da likita yace sai an yi mata aiki. Ni mai asma ce tun ina 'yar makaranta, a nan Kano nake aure, kuma ina cikin matan da suka ɗebi shekaru suna gudun tiyata saboda abin da ya same su a ta farko. Zan ba da labarin yadda yake, don nasan akwai irina da yawa da suke zaune da ciwo a gida suna cewa jikinsu ba ya karɓar allurar asibiti, alhali babu wanda ya taɓa zaunar da su ya tambaye su wace allurar ce kuma da wane lokaci.

Haihuwata ta uku ce aka yi min CS, yaron ya zo a gicciye. Aka yi min allurar baya, aka ciro shi lafiya, ina jin kukansa, har an nuna min shi. Aka gama ɗinki aka turo ni ɗakin masu jego, Yayata tana gefena tana ta waya tana sanar da mutane. Can bayan wani ɗan lokaci sai naji hancina ya toshe gaba ɗaya, idanuna suka yi ja suna ta ruwa, fuskata tayi zafi, sai kuma ƙirjin ya ɗaure kamar an kifa min turmi a kai, ina jawo numfashi ba ya shiga kuma ga ɗinki a ciki ba halin in yi tari ba halin in tashi zaune don ƙafafuna ba su gama dawowa ba. Inhela ɗina tana cikin jaka a gida, babu wanda ya tuna da ita a rikicin tafiya. Yaya ce ta fita da gudu tana kiran nas. Abin da na iya riƙewa shi ne an sa min oksijin, an yi ta allurai ta kanula, an kawo na'urar nan mai hayaƙi da ake shaƙa, ina jin wata tana cewa a kira likita a kira likita, ni kuma ina ta salati a zuciya don na riga na sallama.

Allah Ya yi da sauran kwana. Da gari ya waye likita ya zo zagaye yace asmarki ce ta tashi, shikenan bayanin da na samu. A gida kuwa kowa da tasa, Hajiya surukata tace iska ce ta masu jego, wata gwaggona tace jini ne ya hau min kai, amma maganar da ta zauna ita ce ta wata maƙwabciyarmu da ta taɓa aiki a asibiti, tace ai allurar bayan ce ta hau sama ta kama min ƙirji, wasu haka take musu, kuma in aka sake yi min ba lallai in tashi ba. Wannan maganar ta shiga kaina ta zauna daram.

Bayan wasu shekaru sai jinin al'ada ya fara yi min yawa, gudaji gudaji, ciki na tasowa kamar mai juna biyu, mutane har barka suke min. Sikanin ya nuna ƙari ne a mahaifa, faibirod, guda da yawa. Likitan mata yace aiki, ni kuma da naji kalmar sai jikina ya ɗau rawa a gabansa. Na sha jiƙe-jiƙe, na sha na Islamik kemis, Hajiya ta aiko da nata daga ƙauye, jini dai bai tsaya ba har takai in hau bene sai na huta a tsakiya, tafin hannuna ya yi fari fat. Ranar da aka auna PCV ɗina, wato ma'aunin yawan jinin jiki, aka ga ya sauka ƙasa da 25 maigida yace shi kam ba zai zuba ido ba, mu koma asibitin koyarwa. A can na gaya wa likitan mata gaskiya, nace likita ni ba aikin nake tsoro ba, allurar baya nake tsoro, ta taɓa kai ni bakin kabari. Bai yi min musu ba, ya rubuta takarda yace kafin a sa rana sai na ga likitan barci tukunna, wato mai sa mutum barci ko kashe masa jiki lokacin tiyata, mu zo da wanda yake wurin ranar da abin ya faru.

Ni da ban ma san likitan barci likita ne mai zaman kansa da ake iya zuwa a gani a ofis ba. A zatona wani ne kawai da ke tsaye a bayan kanka a ɗakin tiyata. Ashe fanni ne guda, kuma a asibitoci da yawa na ƙasar nan nas-nas ne da suka yi karatun abin na musamman suke riƙe da shi saboda likitocin ba su da yawa.

Mace na samu, ba ta kai ni shekaru ba ma. Muka je da Yaya da maigida. Ta fara da neman tsohuwar folda, mun riga mun je wancan asibitin an ce ba a ganta ba, tace to ba komai, za mu haɗa labarin da baki. Wallahi tambayar da ta yi min ko a kotu sai haka. Da aka yi miki allurar bayan, kin ji numfashinki ya canza a ɗakin tiyata? Nace a'a. Hannuwanki sun mutu? A'a. Kin iya magana? Nace har tambaya nayi mace ce ko namiji. Ta juya wurin Yaya tace Hajiya, daga fitowarta zuwa fara shaƙewar ya kai minti nawa? Yaya tace ta dai yi sallar isha'i ta dawo ta yi waya biyu ko uku, zai kai awa. Sai tace to in allurar baya ce ta hau sama, cikin mintocin farko take yi tun mutum na kan tebur, ba ta jira sai an gama aiki an koma ɗaki lokacin da ƙarfinta ya fara sauka, kuma maganin da ake sawa a cikinta, bufibaken, da wuya ƙwarai a samu wanda jikinsa ke ƙinsa. Ta sake tambayar Yaya, cikin kayan da aka rubuta muku ku sayo me da me kika tuna? Yaya ta yi shiru tana tunani, tace akwai ledojin ruwa, akwai allurai, akwai audugar mata, akwai kuma wani ɗan fari a leda mai siffar harsashi da nas tace matsa mata za a yi ta baya in an gama ɗinki saboda zafi. Likitar ta ajiye biro.

Daga nan ta dawo kaina. Kin taɓa shan asfirin? Nace tun ina budurwa na daina, in na sha Alabukun mai asfirin a ciki sai in yi ta atishawa ƙirjina ya yi ta fito, na ɗauka sanyi ne. Ibufurofen fa, ko Felvin, ko haɗin ciwon jiki na kemis? Nace haɗin kemis ba ya yi min, kullum sai ya tayar min da mura da asma shi yasa Panadol kawai nake sha. Kina jin ƙamshi sosai? Maigida ne ya riga ni amsawa yace ranki ya daɗe ko miya ta ƙone ba ta ji. Ta ɗauko 'yar fitila ta leƙa hancina tace akwai tsiro a ciki ta kowane ɓangare.

Bayanin da ta yi min shi ne, wancan na matsin kusan tabbas diklofenak ne, don shi ake yawan sa wa mata bayan CS tare da allurar kashe zafi ta fenta (fentazosin), kuma magani ne mai kyau ga yawancin mutane. Amma shi da asfirin da ibufurofen da firoksikam da Ponstan duk 'yan gida ɗaya ne, hanya ɗaya suke bi su kashe zafi, kuma akwai wani kaso na masu asma, musamman masu tsiron hanci da ba sa jin ƙamshi, da in suka sha ɗaya daga ciki jikinsu sai ya ƙara fitar da wasu sinadarai masu matse hanyoyin iska, daga rabin awa zuwa awa uku sai hanci ya toshe ƙirji ya ɗaure. Ba kowane mai asma ba ne, da yawa suna sha lafiya lau. Kuma ba ruwansa da ta inda ya shiga, ko ƙwaya ko allura ko matsi, har na shafawa tace in bar shi. Ina zaune ina jinta hawaye na zuba, don shekarun nan duka abin da nake gudu daban, abin da ya kama ni daban, kuma yana nan a kowane kemis na unguwa ana miƙa wa mutane ba tambaya.

Ta kuma raba min abu biyu da nake haɗawa. Na ce mata fenta ma ba ta yi min, tana sa ni amai da jiri. Tace wannan halin maganin ne, yana yi wa mutane da yawa haka, ana iya ba da maganin amai tare da shi ko a canza wani, amai da jirin ba irin abin da ya toshe min numfashi ba ne, kuma in na je ina cewa komai jikina ba ya so sai a rasa abin da za a ba ni in kwana ina ihu. Ta ɗauki jan biro ta rubuta a bangon sabuwar foldata da manyan baƙaƙe, ta kuma rubuta min a wata 'yar takarda sunayen 'yan gidan nan duka ta buga hatimi, tace wa maigida Alhaji ka ɗauki hotonta a wayarka, duk takardar magani da aka ba ka ka gwada da wannan kafin ka biya kuɗi.

Shirin ya ɗau lokaci don ba ta yarda a yi aikin a yadda nake ba. Lokacin hunturu ne, ƙura ta rufe gari, kuma ina shaƙar Ventolin kusan kullum. Ta sa na hura wani ɗan bututu mai lamba ta ga ƙarfin numfashin bai kai ba, ta tura ni wurin likitan ƙirji aka ɗora ni a kan inhela ta rigakafi safe da yamma, wadda ake kurkure baki bayanta, da ƙwayoyin firedinisolon na 'yan kwanaki dab da aikin. Aka ce in bar turaren wuta. Wannan ya yi min wuya ba kaɗan ba, gidan mace ba turare, amma na tattara kaskon na ba ƙanwata, shara ma yara suka karɓa, in zan fita sai da takunkumi. Tace ko mura ta kama ni a satin aikin in faɗa, gara a ɗaga da a shiga da ƙirji mai majina. Jiƙe-jiƙen gargajiya da ƙwayoyin tafarnuwa da nake sha tace in tsayar da su sati biyu kafin ranar, don wasunsu na hana jini daskarewa wasu kuma ba a san me ke ciki ba. Ga maganin ƙarin jini, ga alayyahu da hanta da zogale, sai da aka ƙara min jini leda guda kafin PCV ya kai 30, ƙannen maigida biyu kuma suka ba da nasu aka ajiye saboda ranar.

Sai maganar wace allura za a yi. Ta shimfiɗa min duka biyun. In barci ne gaba ɗaya sai an zura bututu a maƙogwaro, kuma shi bututun kansa yana iya tayar da asma, in allurar baya ce ni zan ci gaba da numfashi da kaina ina farke, amma in aikin ya ja ko jini ya ɓalle dole su mayar da shi na barci, don haka za su shirya duka biyun. Tace zaɓi nawa ne. Na kwana biyu ina istihara, na dawo nace a yi ta bayan. Hajiya da taji sai da ta kira ɗanta tace kana ji kana gani za a sake yi mata abin da ya kusa kashe ta? Shi ya zauna ya yi mata bayani da hoton takardar nan, ba ta gamsu duka ba amma ta yi shiru ta koma addu'a, kuma ban ga laifinta ba, ta ga yadda aka fito da ni wancan karon.

Daren aikin likitar ta zo gadona da kanta. Abinci tace in tsaya da shi awa 6 kafin a shiga, ruwa zalla kuma zan iya kurɓa har zuwa awa 2 kafin lokacin, ban da koko ban da shayi da madara. Hajiya ta aiko da zamzam da rubutu, na tambaya, tace zamzam ai ruwa ne ki sha da asuba, rubutun kuma ki shafa. Nas ta duba yatsuna ta ga ban yi baƙin lalle ba tace madalla, don shi da jan farce suna rikita ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa mai auna iskar jini. Inhela kuwa a hannuna na shiga da ita, na shaƙa sau biyu a bakin ƙofa kamar yadda aka ce.

A ciki kafin a taɓa ni wata nas ta ɗauko takarda tana karantawa da ƙarfi, sunana, aikin da za a yi, sannan tace akwai maganin da jikinta ba ya so? Likitar barci ta amsa, ni ma na amsa da bakina. Daga baya naji ashe tsari ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi tun 2008 don a dinga yi a kowane ɗakin tiyata. Aka zaunar da ni na rungumi filo na lanƙwasa baya, sanyin maganin goge fata ya fi allurar kanta damuna, sai naji ɗumi na bin ƙafafuna suna nauyi. Gabana na faɗuwa ina jiran ƙirjin ya kama. Ta sunkuyo kusa da kunnena tace Hajiya ja numfashi ki ji, na ja, ya shiga har ƙasa. Jinina ya ɗan sauka naji tashin zuciya, ta yi wata allura ya wuce, na yi rawar sanyi sosai aka lulluɓe min kafaɗa, ina jin ana taɓa cikina ana ja amma ba zafi. Duk bayan ɗan lokaci sai ta sa abin sauraro a ƙirjina tace lafiya lau. Da suka zo rufewa suka yi allurar kashe wuri a bakin yankan kansa don ya rage min zafin awannin farko.

Ba zan ce ban ji ciwo ba. Da allurar ta saki wajen tsakar dare na ji a jikina, tunda babban makamin da suke ba kowa ni an cire min shi. Abin da aka tsara min shi ne farasitamol ta ledar ruwa duk awa 6 ba sai na roƙa ba, da fenta in zafin ya yi yawa tare da maganin amai, kuma an koya min in dinga faɗin zafin da lamba daga 0 zuwa 10, in ya wuce 6 in kira kar in yi ta dauriya irin tamu ta mata har in kasa tari, don mai asma da ba ta tari bayan aiki majina ce ke taruwa mata. In zan yi tari sai in danne ɗinkin da filo.

Washegari da daddare ne abin da ya sa nake ta nanata maganar takarda ya faru. Wani ƙaramin likita mai aikin dare ya zo, ya ga ina juyi, ya rubuta magani ya miƙa wa maigida yace a sayo yanzu. Foldar tana buɗe a tsakiya, bangon mai jan rubutu yana ƙasa. Maigida ya kai bakin famasi, har ya miƙa takardar, sai ya ciro waya ya gwada, ga shi nan na biyu a jeri, diklofenak. Ya dawo ba gudu ba faɗa yace likita don Allah duba bangon foldar nan. Yaron ya juya ya gani, ya dafe kai yace subhanallahi, ya soke ya rubuta wani ya ba mu haƙuri. Ni ban riƙe shi a zuciya ba, shi kaɗai ne a kan ɗakuna nawa a daren, kuma hannunsa ya saba rubuta wannan wa duk wadda aka yi wa aiki. Amma jikina ya yi sanyi, don da a ce maigida irin mazan nan ne da ke miƙa takarda su karɓi leda, da an maimaita.

Da za a sallame ni aka rubuta min Panadol da tiramadol na 'yan kwanaki, maigida yana ganin sunan ya ɗaure fuska yace wannan ba shi ne yaran unguwa ke sha suna faɗuwa a kwata ba? Ba laifinsa ba ne, duk wanda ke Kano ya ga abin da ƙwaya ta yi wa matasa, har sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Mai ba da magani ya nuna masa cewa nawa mai miligiram 50 ne, wanda NAFDAC ta amince da shi shi da mai 100, na 'yan shaye-shaye kuwa mai 225 ne da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, kuma nawa ƙididdigagge ne in ya ƙare ya ƙare. Ban ma shanye ba na koma Panadol zalla, shi ma an ja min kunne kar ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas.

Masu zuwa dubiya ne suka so su ba ni aiki, kowa ta shigo da humra da turare ɗaki ya turnuƙe, sai da Yaya ta tsaya a bakin ƙofa tana ba mutane haƙuri. Wata ƙawata kuma ta kawo min man zafi na shafawa tace yana da kyau ga ciwon baya, na juya kwalin na ga sunan a jiki, na gode mata na mayar mata da abinta na gaya mata dalili, ita ma ashe ɗanta mai asma ne kuma ba ta taɓa jin wannan maganar ba, tace za ta tambayi likitansa.

Alhamdulillah jini ya tsaya, al'ada ta dawo daidai, ina hawa bene ba hutu. Takardar nan an yi mata leda tana cikin jakata tare da inhela, hotonta na wayar maigida da ta Yaya da ta babbar 'yata, kuma ko haƙori zan cire sai na fito da ita kafin in zauna. Maganar hancin ce ta rage, an ba ni ranar ganin likitan kunne da hanci bayan sallah, kuma an riga an gaya min in cire tsiron za a yi wannan karon barci ne gaba ɗaya da bututu, babu zancen allurar baya, don haka zan sake komawa wurin likitar barcin mu zauna tun kafin a sa rana. Ku saka ni a addu'a don Allah.